Jirgin da gasa ta ƙera: tarihin kwalekwalen masu kamun kifin bas a Amurka

A jihohin kudancin Amurka akwai wani irin jirgin ruwa da ake ja a bayan mota, a kai shi bakin tabki tun gari bai waye ba. Tsawonsa mita shida ne ko shida da rabi. Gajere ne, yana kwance dab da fuskar ruwa, samansa a shimfiɗe kamar dandamali. A bayansa akwai inji mai ƙarfin doki 250, wanda ke iya tura shi fiye da kilomita 100 a awa guda. Mutum biyu yake ɗauka, in sun yi yawa uku. Sabo fil mai cikakken kaya yana iya haura dalar Amurka 100,000, wato sama da miliyan 50 na sefa. Duk wannan an yi shi ne domin kifi iri ɗaya tak, mai suna bas, wanda akasari bai kai kilo biyu ba. Kuma a ranar gasa, idan an kama shi an auna, sai a mayar da shi ruwa da ransa.

Wanda ya ji wannan zai ce ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa, kuma ba zan yi masa gardama ba. Amma ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe da lura cewa tarihin da muke koya wa yara yakan tsaya kan sarakuna da yaƙe-yaƙe da ranaku, alhali kayan da mutane ke ƙerawa su ma suna da tarihi, wani lokaci ma ya fi na sarakunan sauƙin bi. Wannan jirgi misali ne mai kyau. Bai kai shekara tamanin a duniya ba, an san waɗanda suka ƙera shi, kuma kusan kowane ƙarfe da ke jikinsa an san lokacin da aka ƙara shi da dalilin ƙarin. Da na bi tarihin daki-daki sai na ga abu guda yana ta maimaita kansa: duk abin da masu shirya gasa suka ce shi za a ba lada, shi maƙera suka ƙera. Wannan ne ya sa nake ganin labarin ya shafi malamai da iyaye, ko da ba su taɓa riƙe fatsa ba.

Kifin da halinsa

Bas, ban da suna, ba shi da wata dangantaka da motar da muke hawa. Kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, kuma wanda aka fi nema shi ne mai ƙaton baki. Mafarauci ne kamar giwan ruwa, sai dai bai kusa kai ta girma ba. Halinsa shi ne laɓewa. Yakan fake a gindin itacen da ruwa ya cinye, ko cikin ciyawa, ko ƙarƙashin kututture, ya jira ƙananan kifi ko kwaɗo su gifta. Masu kamun sa don nishaɗi ba su amfani da koma ko taru. Sanda suke riƙewa mai zare da ƙugiya, a maƙala mata abincin ƙarya na roba ko katako ko ƙarfe, a jefa, a jawo a hankali, a sake jefawa, sau ɗaruruwa a wuni guda.

Daga wannan hali na kifin ake gane irin jirgin da ake bukata. Dole ya shiga ruwa marar zurfi. Dole ya matsa kusa da maɓoyar kifi ba tare da ƙara ba. Dole mutum ya iya miƙewa tsaye a cikinsa ya yi jifa bai kife ba. Kuma dole hannuwansa biyu su zama babu komai sai sanda.

Kafin a kai ga haka, da abin da ya samu ake fita. A ranar 2 ga Yuni 1932 wani matashin manomi mai suna George Perry, a jihar Jojiya, ya kama bas mai nauyin kilo goma da ɗan ɗoriya a tabkin Montgomery. Cikin kwalekwalen katako ƙirar gida ya kama shi. Lokacin matsin tattalin arziki ne, don haka bayan an auna kifin sai ya kai shi gida aka dafa aka ci. Wannan nauyi ya zauna a matsayin mafi girma a duniya shekara 77, har 2009, lokacin da wani ɗan Japan mai suna Manabu Kurita ya kamo kwatankwacinsa a tabkin Biwa. A tsaunukan Ozark kuwa, tsakanin jihohin Misuri da Arkansas, akwai dogon kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen gindi da ake bin kogi da shi, mai jagora yana zaune a baya da filafili, baƙon da ya biya kuɗi yana gaba yana jifa. Wanda ba shi da kuɗin ɗaukar mai tuƙi sai ya riƙe filafili da hannu ɗaya, sanda da ɗaya.

Madatsun ruwa sun sauya ƙasa

Abin da ya fara sauya al'amarin ba shi da alaƙa da kifi ko kaɗan. Daga 1933, lokacin da gwamnatin Amurka ta kafa hukumar raya kwarin kogin Tennessee, har zuwa ƙarshen shekarun 1960, an gina manyan madatsun ruwa da yawa a kudancin ƙasar domin hana ambaliya da samar da lantarki. Madatsar Bull Shoals a Arkansas ta kammala a farkon shekarun 1950, ta Sam Rayburn a Teksas a 1965, ta Beaver a Arkansas a 1966, ta Toledo Bend a iyakar Teksas da Luwiziyana a 1969. An tashi ƙauyuka, ruwa ya rufe gonaki da hanyoyi da dazuzzuka. A wurare da yawa ba a sare itatuwan ba, aka bar su tsaye cikin ruwa.

Ga kifi mai son laɓewa, abin nema ya samu. Bas ya hayayyafa a sababbin tabkunan nan fiye da yadda aka taɓa gani. Sai dai tabkunan manya ne ƙwarai, wasu tsawonsu ya kai kilomita gommai, iska tana tayar da igiyar ruwa a kansu kamar ƙaramin teku. Kwalekwalen kogi ba ya iya musu. A daidai wannan lokaci, bayan yaƙin duniya na biyu, ma'aikacin masana'anta a Amurka ya samu mota da hutun ƙarshen mako da ɗan rarar kuɗi. A 1950 kuma aka yi dokar da ta ɗora haraji a kan kayan kamun kifi, ana mayar da kuɗin ga jihohi domin kula da kifi da ruwayen. Ruwa ya samu, kifi ya samu, masu sha'awa sun samu. Jirgin da ya dace da su ne ya rage.

Inji biyu, katako da akwati kore

Injin da ake rataya wa jirgi a baya ya riga ya daɗe. Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya zauna a Milwaukee, ya fara sayar da irinsa wajen 1909. Amma injin fetur yana da ƙara, yana korar kifi tun daga nesa. A 1934 wani mutum mai suna O. G. Schmidt, a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa, ya ciro injin tayar da mota daga wata Ford, ya haɗa masa farfela, ya ba shi wuta daga batir. Ƙaramin inji ne marar gudu, amma shiru yake aiki. Kamfanin da ya kafa, Minn Kota, yana nan har yau. Tun daga nan jirgin bas ya zama mai inji biyu: babba na fetur don zuwa wurin, ƙarami na batir don laɓaɓawa idan an isa. A shekarun 1960 aka mayar da ƙaramin zuwa goshin jirgi, aka yi masa abin takawa, ƙafa ta karɓi aikin tuƙi, hannuwa suka huta.

Jirgin kansa, wanda ake ɗauka a matsayin na farko da aka ƙera takanas don bas, ya fito ne a 1948 daga hannun Holmes Thurmond na garin Shreveport a Luwiziyana. Da katako mai falle-falle da aka manne ya yi shi, tsawonsa kimanin mita huɗu. Matsalar da ta dame shi ita ce iska, wadda kan tura kwalekwale mai dogon gefe ta kawar da shi daga inda mai kamu ke so ya tsaya. Sai ya yi nasa gajere, gindinsa da faɗi, bakinsa a tsuke, gefunan sun karkato ciki. Goshinsa dogo ne siriri kamar bakin sauro, shi ya sa aka raɗa masa Skeeter, wato sauro a bakin mutanen yankin. A 1961 kamfanin ya koma ƙera shi da zaren gilashi da ake jiƙawa da wani irin danƙo a shimfiɗa cikin mazubi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyom ya san amfanin mazubi: in ka gyara guda, za ka fitar da ɗari masu kama ɗaya. Ga shi ba ya ruɓewa kamar katako, kuma yana karɓar kowace irin lanƙwasa.

Saura ido. Carl Lowrance da ƴaƴansa maza biyu, a garin Joplin na Misuri, sun kafa kamfani a 1957 don ƙera ƙaramar na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwarsa. Irin wannan fasaha sojojin ruwa suka yi amfani da ita a yaƙi wajen neman jiragen ƙarƙashin teku. A 1959 suka fitar da wadda ta yi suna, cikin ɗan akwati kore mai aiki da batir. Tana nuna zurfin ruwa, tana ƙyafta wuta idan sautin ya ci karo da wani abu tsakanin jirgi da ƙasa. Mai kamu ya fara sanin inda tsohuwar hanya ko tsohon kwari yake a ƙarƙashin tabki.

Mai sayar da inshora ya buga ganga

Har zuwa tsakiyar shekarun 1960 waɗannan abubuwa a warwatse suke, kowa yana haɗa abin da ya ga dama. Wanda ya tara su wuri guda bai taɓa ƙera jirgi ba. Sunansa Ray Scott, mai sayar da inshora daga Montgomery a jihar Alabama. A watan Yuni 1967 ya shirya gasa a tabkin Beaver, mutum 106 suka shiga, kowa ya biya dalar Amurka 100. A 1968 ya kafa ƙungiyar masu kamun bas da aka sani da B.A.S.S., da mujallarta Bassmaster.

Dokar gasar mai sauƙi ce: a fita da safe, a dawo a ƙayyadadden lokaci, wanda kifinsa ya fi nauyi shi ya ci. Ku dubi abin da wannan ƴar doka ta haifar. Tunda lokaci a ƙayyade yake, duk mintin da aka ɓata a hanya asara ne, kuma wanda ya riga isa wuri mai kifi ya riga kowa. Nan take gudu ya zama kuɗi. Injuna suka tashi daga ƙarfin doki ashirin ko talatin zuwa ɗari da wani abu. A tsakiyar shekarun 1970 maƙera suka sake fasalin gindin jirgin, suka bar wani ɗan fili shimfiɗaɗɗe a can baya, ta yadda idan gudu ya kai gudu jirgin yakan ɗaga, wannan ɗan filin kaɗai ke taɓa ruwa. Tunda kuma ba a son ɓata lokaci wajen sauya ƙugiya, sai aka yi dogayen akwatuna a ƙarƙashin dandamali masu ɗaukar sanduna da yawa, kowace da irin abincin ƙaryarta.

Gudu ya zo da haɗarinsa. A farkon gasannin, jirage duka sukan tashi lokaci guda da an ba da alama, cikin tabki mai cike da kututture. Scott ya sa doka cewa duk wanda babban injinsa ke aiki sai ya sa rigar da ke hana nutsewa, kuma sai an ɗaura masa wata igiya da ke haɗe da makunnin inji, ta yadda in ya faɗa ruwa igiyar za ta fizge, injin ya mutu. Aka daina tashi gaba ɗaya, aka koma fita ɗaya bayan ɗaya. Aka kuma ƙayyade ƙarfin inji a doki 150, iyakar da ta daɗe kafin a ɗaga ta zuwa 250. Igiyar kashe inji da ta fara a matsayin sharaɗin shiga gasa, yau tana jikin kusan kowane ƙaramin jirgi mai inji da ake sayarwa a Amurka.

A 1971 ya shirya babbar gasa ta zakaru, Bassmaster Classic. Mutum 24 aka zaɓa, aka sa su jirgin sama ba su san inda za su ba, sai da aka tashi aka gaya musu tabkin Mead ne a jihar Nebada. Kowa aka ba shi jirgi iri ɗaya da na ɗan'uwansa, da kaya iri ɗaya. Bobby Murray ya ci, ya karɓi dala 10,000. Ku riƙe wannan a rai, domin za mu dawo kansa: tun a lokacin Scott ya gane cewa in ana so a san wa ya fi iyawa, sai an daidaita kayan aiki.

Sauyin da ya fi kowane girma ya zo a 1972. Kafin nan duk kifin da aka kama mutuwa yake yi. Akan tara shi tsibi a wurin awo, kuma a farko kowane mutum yana iya kawo har 15 a rana. Mutanen garuruwan da ke bakin tabkunan suka fara ƙorafi cewa baƙi suna zuwa suna kwashe musu kifi. Scott ya ga yadda masu kamun wani kifin na daban a jihar Kolorado ke sakin abin da suka kama, sai ya kawo tsarin cikin gasarsa. Wa'azi kaɗai bai tsaya yi ba. Ya sa abin cikin lissafi: da farko ƙarin maki ga wanda ya kawo kifi da rai, daga baya ragi ga wanda ya kawo matacce. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Cikin ɗan lokaci kowane jirgin gasa ya samu wata randa a cikinsa, mai famfon da ke jawo sabon ruwa yana zuba iska, inda kifi zai zauna da rai har yamma. Adadin da ake kawowa ma aka yi ta rage shi har ya tsaya a biyar. Mutanen da kakanninsu ba su taɓa tunanin sakin kifi ba, sai ga jikokinsu suna jin kunyar kashe shi.

Maƙerin Flippin da ɗan mai kanti

Cikin waɗanda suka amsa wannan kira babu kamar Forrest Wood na ƙaramin garin Flippin a Arkansas. Ya yi kiwon shanu, ya yi aikin gini, kuma shi da matarsa Nina sun daɗe suna kai baƙi kamun kifi a kogin White da tabkin Bull Shoals. Ya san ciwon jirgi domin a cikinsa yake wuni. A 1968 ya ƙera jirage shida, ya sa musu suna Ranger. Shi da kansa yake shiga gasa, yana jin ƙorafin abokan takara, ya koma gida ya gyara. A watan Mayu 1971 gobara ta cinye masana'antar ƙurmus. Takardun odar masu saye ne suka tsira, da su aka tashi, cikin kwana arba'in aka koma aiki. Daga 1972 har kusan shekara talatin, jirgin Ranger ne ake ba ƴan takarar Classic. Kamfanin ya yi suna wajen cusa wani soso mai tauri a duk wani rami na jikin jirgi, domin ko ya cika da ruwa ya zauna a sama bai kife ba, tun kafin hukuma ta wajabta irin haka ga ƙananan jirage.

To amma kowane ƙari kuɗi ne, jirgin ya fara fin ƙarfin ma'aikacin da aka fara yin sa dominsa. Nan Johnny Morris ya shigo. A 1972 ya fara sayar da kayan kamun kifi a wani lungu na kantin mahaifinsa a Springfield ta Misuri, abin da ya zama Bass Pro Shops. A lokacin mai saye yakan sayi jirgi a nan, inji a can, amalanken jan jirgin a wani wuri, sannan ya nemi wanda zai haɗa masa. A 1978 Morris ya fitar da Bass Tracker, jirgin alminiyom mai kimanin mita biyar, da injinsa da amalankensa da na'urarsa, a kan dala 2,995, ka biya ka ja abinka zuwa ruwa. Bai ƙirƙiro wani sabon ƙarfe ba, hanyar sayarwa ya sauya, kuma ta haka jirgin bas ya shiga gidajen talakawan Amurka. Daga baya kamfaninsa ya saye Ranger ɗin kanta. Skeeter kuwa Yamaha ta Japan ta saye shi a 1996, wato kamfanin da injunansa ke tura kwalekwale a kogin Kwara daga Ayoru har Gaya.

Lokacin da na'ura ta fara ganin kifi

Shekaru ashirin da suka wuce, gangar jirgin ba ta sauya sosai ba. Abin da ke sauyawa shi ne kayan lantarki. Wajen 2010 aka haɗa ƙaramin injin batir da tauraron ɗan adam: ka danna maɓalli, jirgi ya tsaya cak a wuri guda, ko iska na kaɗawa, injin yana gyara kansa da kansa. A 2018 kamfanin Garmin ya fitar da na'urar LiveScope, wadda ke haska gaban jirgi da sauti ta nuna abin da ke ciki kai tsaye a allo kamar talabijin. Mai kamu yana ganin kifin yana iyo, yana ganin ƙugiyarsa tana sauka, yana ganin ko kifin ya juyo ko ya share.

Da can, gwanin bas shi ne wanda ya san ruwa: launinsa, sanyinsa, inda iska ta kwana, watan da kifi ke hawa gefe don yin ƙwai, irin itacen da yake so. Ilimi ne na shekaru, irin wanda ake cewa da tsohuwar zuma ake magani. Da na'urar ta zo, sai matasa da suka tashi da allo a hannu suka fara doke tsofaffin gwanaye. Ba su karya doka ba ko kaɗan. Doka ta ce nauyin kifi za a auna, su kuma sun samo hanya mafi kusa zuwa nauyin. Ƴan kallo suka fara gunaguni cewa ba abin da suke gani sai mutum ya sunkuyar da kai yana kallon allo. Masu ƙaramin ƙarfi suka ce gasar ta zama ta mai kuɗin sayen allo huɗu ko biyar. Wasu kuma suka nuna damuwa kan kifin da a da yake tsira a tsakiyar tabki inda ba mai ganinsa. Matasan su ma suna da hujja: karanta allon gwaninta ce da ake koyo da wahala, kuma an yi irin wannan kuka lokacin akwati kore na Lowrance.

Masu gasa suka koma inda Scott ya tsaya a 1971. A 2025 ƙungiyar B.A.S.S. ta taƙaita irin wannan na'ura zuwa guda ɗaya a jirgi a manyan gasanninta, ta kuma ƙayyade girman allunan. Wata ƙungiyar, National Professional Fishing League, ta hana ta baki ɗaya. A gefe guda kuma mutane da yawa da tsada ta kora sun koma ɗan kwalekwalen roba na mutum ɗaya, har an buɗe musu nasu gasannin. Tsadar ta isa har makaranta: jihar Illinois ta mayar da kamun bas wasan makarantun sakandare a hukumance a 2009, wasu jihohi suka bi, amma yaro ba ya shiga sai da babban mutum mai jirgi da zai tuƙa shi. Ɗan da babu jirgi a danginsu sai ya nemi mai taimako ko ya zauna a gaɓa.

Abin da ya rage mana

Ray Scott ya rasu a 2022, Forrest Wood a 2020. Jirgin da suka bari tamkar littafi ne ga wanda ya iya karanta shi. Babban inji yana ba da labarin agogon gasa. Randar kifi tana ba da labarin makin da aka ƙara wa kifi mai rai. Igiyar kashe inji tana tuna haɗarin da gudu ya jawo. Allunan da ke goshi suna nuna abin da ke faruwa idan sikeli kaɗai ake dubawa. Ba wanda ya tilasta wa maƙera ko masu kamu. An faɗa musu abin da za a auna, su kuma suka bi da dukkan basirarsu.

Mu ma a lakwal da gida muna da sikelinmu. Idan abin da uba ke tambaya a ƙarshen zango shi ne lamba nawa aka samu, kuma abin da malami ke ba maki shi ne amsar da ta yi daidai da ta kaye kalma da kalma, to kada mu yi mamaki in yaro ya zama gwanin hadda, ko ya nemi amsa a wayar salula, ko ya leƙa takardar maƙwabci. Yana yin abin da matasan allo suka yi ne, ya gano hanya mafi kusa zuwa abin da muke aunawa. Faɗa da bulala ba su cika sauya wannan ba. A ajina, tun da na fara ware wani kaso na maki ga bayanin yadda aka kai ga amsa, ko da amsar ta kuskure, yara suka fara rubuta tunaninsu a takarda maimakon ɓoye shi. Ba sai an jira sabon tsari daga ma'aikatar ilimi ba kafin a yi wannan. Uba ma yana iya sauya tambayarsa, ya ce wa ɗansa ya bayyana masa abu guda da ya gane a makon nan, da Hausa, ba tare da duba kaye ba.

Ga mai neman darasin da zai gwada da yara kuwa, ba sai ya je Arkansas ba. Ya ɗauki amalanke, ko kabu-kabu, ko garmar shanu, ya sa yara su bi sassanta ɗaya bayan ɗaya suna tambaya: wannan wace matsala ya zo warwarewa, wa ya ƙara shi, kuma me mutane ke nema a lokacin da har aka ga ya dace a ƙara shi. Su je su tambayi maƙeri da mai walda da tsofaffin unguwa, su dawo da abin da suka ji a rubuce.